Jawabi: In mai ciwon daji ya komo gida daga likita



Jawabin yau ya shafi wanda ya sha maganin ciwon daji, aka sallame shi, ya komo gida. Ciwon daji shi ne lokotoro ke kira kansa. A ƙasarmu ta Nijar, kansar nono da kansar bakin mahaifa su suka fi kama mata. A 2021 an buɗe wurin gashi da na'ura a Yamai, cikin cibiyar ƙasa ta yaƙi da kansa. Kafin nan sai an fita ƙasar waje. Yanzu ana yi wa mutane aiki, a ba su magani, a gasa ciwon, su komo garinsu. To, in sun komo, mi ya kamata a yi?

A ɗauki misalin mace da aka cire wa nono. Ta yi watanni a Yamai. An sayar da awaki, an taɓa rumbu. Ran da ta sauka daga mota, kowa ya ce an gama. Ba a gama ba. Saura abu biyar.

1. Takarda

Kafin ta baro likita, a roƙi lokotoro ya rubuta irin ciwon, da aikin da aka yi, da sunan magani, da ranar komawa. A aje takardun cikin leda, a sa cikin akwati, nesa da ruwa da gara. Wanda ya iya karatu cikin gidan ya rubuta ranar komawa da manyan baƙaƙe, ya liƙa a bango. A kai takardun wurin majo na likitar kusa, shi ma ya san zancen.

2. Komawa awo

Ciwon nan yana iya komowa ba da zafi ba. Don haka ake awo ko jiki na lafiya. Galibi ana komawa kowane wata 3 zuwa 6 a shekarun farko. Bayan shekara 5, sau ɗaya a shekara. Lokotoro shi ke yanke rana. Wasu matan ana ba su ƙwaya mai suna tamoksifan. Ana shan ta kullum, shekara 5 ko fiye. Kada a bari don an ji sauƙi. Mai shan ta ba ta ɗaukar ciki sai da shawarar lokotoro.

Akwai alamun da ba a jiran rana: sabon kumburi ko ƙullutu, zubar jini, ciwon ƙashi da ba ya bari, tari mai daɗewa, rama ba dalili, ko ido ya yi ɗorawa. In an ga ɗaya, sai likita.

3. Jiki

Gajiya tana ɗaukar watanni. Ba ragwanci ba ne, ƙarfin magani ne. Gashin da ya zube yana sake tsirowa. A ba ta wake, ƙwai, kifi, nama in da hali, fura da nono, da zogala. Kada a ci gujiya ko masara da ta yi fumfuna, tana ɓata hanta. A bar taba.

Hannun gefen da aka yi aiki yana iya kumbura. A riƙa wanke shi, a shafa mai, a motsa shi sannu sannu. A kiyaye shi da ƙuna da yanka. Kada wanzami ya yi tsaga, ko ƙaho, ko sakiya bisa hannun nan. Daka da jan guga a koma musu kaɗan kaɗan. In hannu ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, a tafi likita a ranar.

4. Kuɗin hanya

Daga Tawa zuwa Yamai ya fi kilomita 500. Daga Maraɗi ya fi 600. Daga Damagaram ya kusa 900. Kuɗin mota, da masauki, da cimaka, su ke hana mutane komawa. Sai a shirya tun da kaka, a ware buhun wake ko ɗan akuya. Mata su sa ta cikin adashe, ta ɗauka watan tafiya. In ranar ta faɗo da damina, a yi wa gidan gayya. A tambayi lokotoro ko ana iya yin wani awon a babbar likita ta jaha. A 2007 gwamnati ta yi dokar kyautar maganin kansar mata. A tambaya a likita, a san abin da ke kyauta da abin da za a biya.

5. Zaman gida

Kansa ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗauka wajen cin tuwo kwano ɗaya, ko shan ruwa, ko gaisuwa. Kada a ware mata ƙwarya. Kada a hana ta biki da suna. Matar da aka cire wa nono tana nan matar aure, tana nan uwar ɗiya. Miji ya yi haƙuri, ya raka ta awo. In kwanciyar aure tana mata zafi bayan gashi, su faɗa wa ungozoma ta likita, akwai taimako. In ta daina barci, tana kuka ita kaɗai, a zauna da ita, a saurare ta. Namiji da ya komo daga magani, haka shi ma za a riƙe shi.

Jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Lokotoro ya yi nashi. Sauran aikin na miji ne, da dangi, da maƙwabta, da maigari. In akwai wanda ya komo daga magani cikin gari, yau a leƙa gidansu, a duba takardarshi, a ga ranar komawa.

Allah shi ba mu lafiya.