Motar Katako da Bashin da Take Bin Mu



Mun san wasu za su yi mamaki da aka ce yau a zauren jami'a za a yi zancen tsohuwar motar lodi. Amma mu da muka tashi a ƙasar Ƙanƙara, da Faskari, da Sabuwa, mun san cewa da yawa daga cikin iyayenmu a saman buhunan masara suka fara zuwa makarantar kwana, kuma kuɗin audugar da motar nan ta ɗauka ne ya saya musu littafi da akwati. Don haka ne muka ce tana bin mu bashi.

Tun da layin dogo ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, Funtuwa ta zama matattarar auduga. Amma jirgi ba ya shiga ƙauye. Mota ce take bi ta Sheme, da 'Yargoje, da Ɗandume, tana kwaso amfanin gona zuwa injin gurzar auduga da bakin tasha. Da farko motocin Ingila ne suka yi tashe, wato Bedford da Austin. Kai da ƙarfen ƙasa kaɗai ake kawowa, kafintocinmu ne suke gina bodin da katako, masu fenti su zana zaki ko dawisu, su rubuta wa'azi a goshi. Daga baya Marsandi ta Jamus mai gajeren hanci, wadda aka fara ƙerawa a 1959, ta ƙwace hanya. Lambar nan 911 da ke jikinta ba ado ba ce: tara ɗin na nufin tan 9 na nauyinta da kayanta, sha ɗayan kuwa ƙarfin doki 110. Kowa a nan ya san an ɗora mata abin da Bajamushe bai taɓa mafarki ba, ta kuwa ɗauka.

Tafiya Ikko a wancan zamani ba wasa ba ce. Direba zai tashi daga Funtuwa, ya keta dajin Birnin Gwari, ya bi Tegina da Mokwa, ya jira layi a gadar Jaba, sa'an nan Ilori da Badun. Zai sauka da hatsi ko shanu, ya dawo da goron Shagamu, da manja, da gishiri. Da damina, idan gada ta karye, a yi kwana uku a wuri guda. Tsofaffin direbobi har yau suna ba da labarin ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, yadda kowa ya riƙa tafiya kamar mai koyo.

To, me ya sa motocin nan suka yi ƙarko? Ana cewa ƙarfen Turai ne. Lalle ƙarfen yana da kyau, amma ba shi kaɗai ba ne. Injin mai sauƙin fahimta ne, babu abin da aka ɓoye wa bakanike a cikinsa. Sa'an nan akwai makarantar da ba ta da allo. Yaro zai fara a matsayin karen mota. Aikinsa ya wanke ta, ya zuba ruwa a lagireto, ya ɗaure tamfol, in an zo hawa ya diro da gudu ya sa weji a bayan taya. Sai ya shekara biyar ko fiye kafin maigidansa ya yarda ya taɓa sitiyari. Ranar da ya zama direba, ya riga ya san kukan injinsa kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Bayan sani kuma akwai amana. Ɗan kasuwa zai damƙa wa direba kayan da ya fi albashin shekara na babban akawu, babu takarda, babu sa hannu, kaya su isa, kuɗi su dawo. Ba banza ba Alhaji Mamman Shata, wanda ya yi zamansa a Funtuwa, ya riƙa wasa direbobi kamar yadda yake wasa sarakuna.

Yanzu ga inda zancen ya shafe mu. A ƙarshen shekarun 1970 gwamnati ta haɗa gwiwa da kamfanonin Turai don a riƙa harhaɗa manyan motoci a gida: Steyr a Bauci, Fiat a Kano, Leyland a Badun, Marsandi a Inugu. Aka yi fatan a hankali za mu ƙera kayan da hannunmu. Da farashin man fetur ya faɗi, aka shiga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, Naira ta karye, sai masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya. Muka koma sayen tsofaffin DAF da Turawa suka gama mora, da sababbin motocin Sin. Bakaniken da bai yi firamare ba ya riƙe motarsa shekara 40 tana aiki. Masu digiri, da ofis, da kasafin kuɗi, ba su iya riƙe masana'antun ba. Wannan abin kunya namu ne, mu 'yan boko.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne hanyar kanta. Direban da yake kwana ƙarƙashin motarsa a tsakiyar daji, ba ya tsoron kome sai sauro da kura. A zamaninmu kuwa mun ga an kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar Ƙanƙara a Disamban 2020, mun ga 'yan bindiga sun afka wa 'Yargoje a Yunin 2024 sun kashe mutane da dama. Manomi da ya kasa zuwa gona, da direban da ya ji tsoron shiga ƙauye, su ne suke tsadar da kwanon masara a Legas.

Gobe wasunku za su zauna a ma'aikatar ayyuka, wasu a ta ciniki, wasu su sa kaki su tsaya a bakin titi. Muna roƙon abu uku. Na farko, wanda aka ba fayil ɗin gyaran hanya ya tuna da yaron nan mai weji, wanda ya san cewa in ya yi sakaci minti ɗaya mota za ta koma baya da mutane. Na biyu, wanda ya tsaya a shinge kada ya miƙa hannu ga direba. Na uku, wannan hutu kowa ya nemi tsohon direba ko bakanike a garinsu, ya zauna gabansa da ladabi, ya ce, "Baba, ba ni labari," ya rubuta. Suna ƙarewa, kuma babu littafin da ya adana abin da ke kansu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya, ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu.