Daga Wikki Zuwa Matsirga: Jawabi A Taron Ƙungiya

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwa maza da mata.

An ce mu ba da labarin tafiyarmu Yankari. To, mun bar Kafanchan bayan sallar asuba, muka bi ta Jos da Bauchi, muka karya kwana a Dindima. An keɓe dajin nan tun 1956, aka buɗe shi ga baƙi a 1962. Giwaye kam mun gani, amma ruwan Wikki ya fi tsaya mana a rai. Daga gindin dutse yake ɓuɓɓugowa garai-garai, har yashin ƙasa ana gani, ɗuminsa digiri 31, da hunturu da bazara. Baƙi daga nesa suna biyan kuɗin shiga da na masauki. Ko a Japan, gari irin Beppu da baƙin ruwan zafi yake cin abinci.

A hanyar dawowa sai kunya ta kama mu. Ga Matsirga nan kusa da Madakiya, ruwa na zubowa daga kan dutse, tsawon kusan mita 30. Mu nawa ne a nan muka taɓa kai iyali? Tun rikicin 1987 da yawanmu muke ɗari-ɗari da ƙauyukan maƙwabta, alhali kasuwa ɗaya muke ci.

Shawararmu: bayan Sallah dattawanmu su je su gai da masu ƙasar, su nemi izini, sannan mu kai 'yan Islamiyya su ga ikon Allah. Zumunta a ƙafa take.

Allah Ya zaunar da mu lafiya. Wassalam.