INSHORAR LAFIYA: RAGIN KUƊIN WATA KO KARIYAR IYALI?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, tambaya ce ta zo mana daga wani ɗan uwa mazaunin Amurka. A can kamfani yakan ba mutum zaɓi biyu: ko ya riƙa biyan kuɗi mai yawa duk wata, ko a rage masa kuɗin watan, amma idan ciwo ya zo shi zai fara biyan wani kaso mai tsoka daga aljihunsa kafin kamfanin ya sa hannu. Hukumar harajin ƙasar ta yanke cewa a shekarar 2025, a irin wannan tsari, kason iyali ba zai gaza dala 3,300 ba.

Asalin hukunci sananne ne. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka, a shekarar 1398 Hijira (1978), ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari da riba, ta halatta ta taimakekeniya, wadda ake kafa mata hujja da ƙissar Ash'ariyyawa masu haɗa guzurinsu su raba daidai. Sai dai malamai da dama sun yi rangwame ga wanda ke ƙasar da babu takaful, kuma jinya guda tana iya tsiyata shi. A kan wannan rangwamen muke magana.

To, mu yi lissafi. A ƙaddara tsari na farko dala 500 ne a wata, kason farko dala 500. Na biyu dala 350 a wata, kason farko dala 3,300. Mai zaɓen na biyu ya tsira da dala 1,800 a shekara idan Allah ya ba shi lafiya. Idan aka kwantar da ɗansa kuwa, zai nemo ƙarin dala 2,800 a lokaci guda. A takarda hasarar dala 1,000 ce kacal. Amma ina zai samo kuɗin a ranar? Wanda bai ajiye komai ba katin bashi zai zaro, kuma bashin nan da riba ake biyansa. Ya guje wa tsada ya faɗa cikin abin da Allah ya yi shelar yaƙi a kansa.

Akwai ɓarna ta biyu, wadda ta fi ɓoyuwa. Binciken da cibiyar RAND ta kammala a 1982 ya nuna cewa idan mutane suna biya daga aljihu, sukan rage zuwa asibiti, har da zuwan da yake dole. Mai gida zai fara cewa "a bari mu gani zuwa gobe" alhali yaro yana zazzaɓi. Mun san malaman mazhabobi na da ba su lissafa kuɗin maganin mace cikin ciyarwar wajibi ba, amma zamaninsu magani bai zama kamar abinci ba, kuma ba mu ga yadda kyakkyawan zama zai tabbata da mace tana jinya miji yana ƙirga ribar wata ba.

Saboda haka abin da muka rinjayar shi ne: saurayi lafiyayye, wanda ya riga ya ware cikakken kason nan ya ajiye, babu laifi ya ɗauki tsari na biyu. Amma mai mata da juna biyu, ko mai ciwon sukari ko hawan jini a gidansa, ko wanda ajiyarsa ba ta kai ba, ya biya kuɗin watan mai yawa. Mai tambayarmu ya ce 'ya'yansa huɗu ne, ɗaya yana da ciwon sikila. Ya zauna a tsari na farko.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.