Raƙumin dawa: baƙon da ya dawo Gadabeji

Ga jawabin da wani ma'aikacin kula da daji ya yi wa ɗaliban makarantar yaƙi da jahilci a ƙasar Dakwaro.

 Malaminku ya ce in yi muku magana bisa yawon buɗe ido. Wani dattijo ya tambaye ni ɗazu: mi ya sa mutum mai hankali zai kashe kuɗinshi don kallo kawai, ba fatauci ba, ba ziyarar dangi ba? Tambaya ce mai kyau.

A birnin Pari na ƙasar Faransa akwai wata hasumiya ta ƙarfe da ake kira Eiffel. An gama ta a 1889, tsawonta ya wuce mita 300. Kowace shekara mutane wajen miliyan 6 ke biyan kuɗi su hau. A Masar akwai manyan kaburburan sarakuna na dutse, sun kai shekara 4500, ana zuwa ganinsu daga ko'ina. Mai masauki ya samu, mai mota ya samu, mai abinci ya samu. Abin da babu irinshi wani wuri, shi ke jawo baƙo.

To mu ma muna da namu. Ku bar masallacin Agadas, wannan sai wata rana. Yau maganar raƙumin dawa ce.

Da can irin raƙumin dawa na Afirka ta Yamma yana yawo tun daga Senegal har tafkin Cadi. Farauta da fari da saran daji sunka ƙare shi. Bai saura ba sai a ƙasarmu, wajen Kure, kilomita 60 daga Yamai bisa hanyar Doso. A 1996 anka ƙidaya su, 49 kaɗai anka samu. Ku ji da kyau: 49, duk duniya. Garken shanun wani cikinku ya fi haka. Da gwamnati ta tsananta hana kisansu, mutanen ƙauyuka kuma sunka yarda, sai sunka yi ta ƙaruwa har sunka haura 600. Ba su saurin yawa, don macen tana ɗaukar ciki wata 15, kuma ɗa guda take haifuwa.

Na je Kure na gani da idona. Dabba ce mai tsawon da ke kai mita 5, tana cin ganyen gawo daga sama kamar mutum na tsinkar zogala. Ba ta gudun mutane sosai. Samarin wurin sun zama masu yi wa baƙi jagora, suna samun na cefane, kuma albarkacin raƙuman ƙungiyoyi sun gina rijiyoyi, sun ba mata rance.

Amma ba zan ɓoye muku ba, raƙumin dawa yana ɓarna. Yana son wake ƙwarai, yana cin mangwaro. Manomin da ya wayi gari ya tarar an share mishi gonar wake, kada ka ce mishi dabbar tana da kyau. Na ji kukan irin waɗannan manoma, kuma ni dai a ganina suna da gaskiya in sun ce a riƙa duba asararsu. Sa'annan ga babban baƙin ciki: ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga sunka kashe mutum 8 a dajin Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, direba da mai jagora. Daga nan baƙi sunka ɗauke ƙafa. Baƙo ba ya zuwa inda yake tsoron ranshi.

Mi ya haɗa ku da wanga zance? Gadabeji. An keɓe dajin tun 1955, kuma tsofaffinku sun san akwai raƙuman dawa cikinshi kafin farin shekarun 1970. Masana sunka ga haɗari ne a bar dukansu wuri guda: cuta ɗaya ta isa ta share su. Don haka a watan Nuwamba 2018 anka ɗauko 8 cikin babbar mota, tafiyar kilomita 800, anka sake su Gadabeji. A 2022 anka ƙaro mata 4. Sun zauna, har sun fara haifuwa.

Ga abin da nake roƙonku. In kun gamu da su wajen kiwo, kada yara su kore su, kada a sa musu karnuka. Kada a sassabe gawo har ƙasa don ba awaki. A rage reshe, a bar itace. Mai kunna wuta a daji ya kashe ta kafin ya tashi. In kun ga wanda ya ɗana tarko, ko raƙumin da ya ji ciwo, ku gaya wa maigari ya aiko muna. In sun shiga gona, ku zo ku faɗa, kada ku ɗauki kibiya, don doka ta hana kuma akwai ɗauri.

Tun da yanzu kun iya rubutu, ku riƙa sa wa takarda ranar da kunka gan su, da wurin, da yawansu. Ku ba malaminku, ni zan karɓa ranar kasuwa.