"Babu netiwok, ku dawo gobe": aikin da ke ɓoye cikin silin

 Yau maganar waya za mu yi. Ba ta hannu ba, wadda ake shimfiɗawa cikin silin da bangon manyan gine-ginen ofis.

Duk wanda ya taɓa bin layi a ofis ya san kalmar nan: "Babu netiwok, ku dawo gobe." Mun saba ɗora wa kamfanonin sadarwa laifi, kuma wani lokacin nasu ne. Amma sau da yawa intanet ta iso ginin lafiya lau, a ciki ne take mutuwa.

Ɗauki gini mai hawa takwas. Aikin ƙa'ida shi ne a ware babban ɗaki guda inda intanet ke shigowa, sannan kowane hawa a ba shi ƙaramin ɗaki mai akwatin ƙarfe da na'urar rarraba netiwok. Tsakanin ɗakunan nan wayar faiba ake ja, mai ɗauke da bayanai ta hanyar haske. Daga ƙaramin ɗakin kuma kowane tebur a ja masa wayarsa shi kaɗai, babu jone-jone. Me ya sa sai kowane hawa da ɗakinsa? Saboda wayar jan ƙarfe tana da iyaka: mita 90 a cikin bango, da mita 10 na gajerun wayoyin da ake jonawa a bakin biyu, jimla 100. Ƙa'idar TIA-568 ke nan, wadda aka fara fitarwa a Amurka a 1991. Ka wuce haka, to ka shiga caca.

Yanzu ku saurara da kyau, nan ne ake cin amana. Idan ka fere wayar Cat6, za ka ga ƙananan wayoyi takwas, an murɗe su bibbiyu kamar igiya. Murɗin nan ba ado ba ne, shi ke kashe hayaniyar lantarki da ke ɓata bayanai. Shi ya sa wurin ɗaura kai ba a warware shi fiye da milimita 13. Ba a fizgar wayar kamar gugar rijiya, ba a karya ta a kwana, ba a kwantar da ita jiki da jiki da wayar wuta. Mai aikin lantarki, da girmamawa gare shi, idan ƙwai ya kama ya gama. A nan kuwa fitilar na'ura za ta iya nuna kore alhali aikin ya lalace. Gudun megabit 1,000 sai da wayoyin takwas duka. Ɗaya ta saki, layin zai iya komawa megabit 100 shiru, ba wanda ya sani. Ma'aikaciya dai ta ga kwamfutarta na jan ƙafa, mutane kuma na tsaye a rana.

Sai jabun waya. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama. Ta fi araha, ido kuma ba ya bambancewa. To a yau kyamarorin tsaro da wayoyin tebur da na'urorin Wi-Fi da yawa ta wannan wayar suke shan wutarsu, kuma alminiyam ya fi ɗaukar zafi, ya fi saurin karyewa. Gwajin ba wuya: kankare ta da reza, in ka ga fari a ƙasa, ajiye musu kayansu.

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rashin lamba. Ka buɗe akwati ka tarar da wayoyi ɗari biyu kamar taliya, ba wadda aka rubuta inda ta nufa. Layi ɗaya ya lalace, a yini ana laluben sa. Aikin kirki, kowace waya da lambarta a kai biyu, kuma kowane layi an gwada shi da na'ura irin ta Fluke, an fitar da takardar sakamako, ya ci ko ya faɗi. Duk wannan kafin a rufe silin, don bayan an rufe gyara sai da fasa.

Saboda haka mu da ke bibiyar ayyukan da ake yi da kuɗin jama'a, mu daina tsayawa a fenti da tayil. Mu riƙa tambaya: ina takardar gwajin wayoyin? Wa ya sa hannu kafin a biya ɗan kwangila?

Kai kuma ɗan'uwa da ka gama digiri kana jiran takardar ɗaukar aiki, wannan sana'a ce, kuma Wi-Fi bai kashe ta ba, don kowace na'urar Wi-Fi da ke manne a silin waya ce ke ciyar da ita. Nemi waya mita goma, da kawunan RJ45, da abin matse su, da ƙaramar na'urar gwaji. Jerin launukan T568B shi ne: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ƙasa-ƙasa, ƙasa-ƙasa. In ka ɗaura goma duk suka ci gwaji, nemi mai aikin da zai ɗauke ka zuwa wurin gini, ka fara da riƙe masa tsani.

Masu wannan sana'a, ku rubuto mana abin da kuke tararwa cikin silin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.