Hujjar Abokin Gardama



Yawancinmu mun baro sakandare da zaton mun ƙware a muhawara. A can malami ne ke raba mu gida biyu, ya ce waɗannan su kare likita, waɗancan su kare manomi, wanda ya fi ɗaga murya da jero karin magana kuwa shi ke samun tafi. Da muka shigo jami'a sai muka tarar takarda ba ta da murya. Mai karanta ta yana zaune shi kaɗai da jan biro a hannu, ba mu kusa balle mu ce masa ba haka muke nufi ba.

Mun ɗanɗana wannan bara, sa'ad da muka rubuta wa hukuma koke a kan ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana. Shafi uku muka cika da kalmomin zalunci da halin ko-in-kula. Amsar da ta dawo ba ta wuce layi biyu ba: wane gini, kwana nawa, famfo nawa suka lalace? Ba mu ƙirga ko ɗaya ba. Abin da ya fi muni, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi kanmu uzurin da hukuma za ta kawo ba.

Alhali kuwa darasin yana cikin tarihinmu tun tuni. Bayan yaƙin jihadi ya kai ƙasar Borno, Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya aika wa shugabannin jihadin da wasiƙu yana ƙalubalantar dalilinsu na yaƙar Borno. Hujjarsa ita ce, mutanen da ke salla da azumi da zakka ba sa fita daga Musulunci saboda aikata saɓo. Da Muhammadu Bello ya zo rubuta Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, bai ɓoye wannan suka ba. Ya kwafo maganar al-Kanemi cikin littafinsa, sa'an nan ya bi ta ɗaya bayan ɗaya yana ba da amsa. Watau dai a littafin abokin gardamarsa muke karanta hujjar al-Kanemi. Ko mutum ya karkata ga Sakkwato ko ga Borno, lalle ya yarda cewa wannan sai mai ƙarfin zuciya, domin in ka jera wa mai karatu hujja mafi ƙarfi ta abokin hamayyarka, ka buɗe masa ƙofar barin ka ya bi shi.

Waɗanda za su kama aikin gwamnati daga cikinmu su lura: takardar da za ta je teburin babban sakatare ma haka take, ba ta zuwa da mai ita.

Mun sake rubuta kokenmu a shafi guda. Mun fara da amincewa cewa man injin tura ruwa ya yi tsada, muka kawo lissafin famfunan da suka mutu gini-gini, kana muka roƙi a fara gyara na ɗakunan mata, inda layin ya fi tsawo. A wannan karon an kira mu zama.