Yaronka ya shiga sakandare, amma yana gane tambayar?



Ni tafinta ne, aikina ke nan. Kusan kullum sai wani ya zo mini da takarda, ta asibiti ko ta banki, ya ce in karanta masa. Abin da ke damuna shi ne, sau da yawa a gidan mai takardar akwai yaron da ya gama sakandare. Ya karanta ta da ƙarfi, kalma bayan kalma, amma da aka ce to me ta ce, sai ya yi shiru.

Tun watan Satumba na 2017 aka daina biyan kuɗin babbar sakandare a Ghana. Yara sun cika makarantu, har a 2018 aka raba su kashi biyu, wasu na aji wasu na gida. Ba mu ƙi yaro ya shiga aji ba. Muna tambayar abin da yake fitowa da shi ne.

A jarrabawar WASSCE darussa huɗu ne dole: Turanci, lissafi, kimiyya da nazarin zaman jama'a. Duka da Turanci ake tambaya, da Turanci ake amsawa. Yaronmu kuwa a gida Hausa yake ji, ko Dagbanci, ko Gwanjanci, ko Kusasanci, ko harshen Krachi. Ni kaina kimiyya ce ta kayar da ni karon farko. Na san amsar sarai. An ce in bayyana dalili, ni kuma na jera sunaye kawai, don shekara uku muna kwafar abin da ke kan allo, babu malamin da ya taɓa sa mu rubuta bayani da kalmominmu. In ka yi kuskuren rubutu sai a ce wannan aikin malamin Turanci ne.

To ba aikinsa ba ne shi kaɗai. Malamin lissafi ya sa yaro ya karanta tambaya ya faɗi abin da ake nema kafin ya taɓa alƙaluma. Malamin kimiyya, bayan gwaji, ya sa kowa ya rubuta layi biyar kan abin da ya gani, ya karɓa ya gyara. Sabuwar kalma a fassara ta, ko da Hausa ne, ba laifi ba ne. Sai dai malami ɗaya ba ya iya duba rubutun ajin da ya cika maƙil kowane mako, kuma yaron da ba shi da littafin da zai tafi da shi gida, me zai karanta? Nan ne maganar ta koma kan gwamnati.

Kada wani ya ce mana rubutu baƙo ne a wurinmu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga, bayan yaƙin 1892 ya dawo nan Kete Krachi, nan ya rasu a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da ajami, har littafi ya wallafa kan yadda ake tsara wasiƙa. Ruwan Volta ya ci tsohon garin, rubutunsa kuwa har yau masana suna karanta shi.

Duk ɗan takarar da ya tsaya a ƙofarku, namu ko nasu, ku tambaye shi yara nawa ne a aji ɗaya a sakandaren garinku, kuma yaushe kowane yaro zai sami littafinsa. Yau da dare kuma, ka kira yaronka ya ɗauko littafin kimiyya, ya karanta shafi ɗaya, ya rufe, ya faɗa maka da Hausa abin da shafin ya ce.